Fasahar da Malam Tasi'u Ya Zaɓa

To, ku gyara zama. Yau ba hira na kawo muku ba, shari'a ce, kuma ku ne alƙalan. Kai mai latsa waya, sa ta a aljihu, don in na kai ƙarshe da kai zan fara.

A wani gari akwai wani mai gyaran fanka da injin ban ruwa, ana ce masa Malam Tasi'u. Mutum ne mai hannu. Injin da ya ƙone ƙurmus in ka kai masa, sai ya kwance wayar ya naɗa sabuwa, ya tashi garau. Amma boko bai wuce aji uku na firamare ba, kuma abin nan yana ci masa rai fiye da yadda yake nunawa. Rediyo ce makarantarsa. Tun buɗe shago har rufewa tana rataye a ƙusa tana zuba, shi kuma yana kwasa.

'Yarsa ta fari ita ce Suwaiba. Tun tana 'yar mitsitsiya take zama a bakin shagon nan tana miƙa masa filaya, kafin ta gama aji uku na sakandare kuwa ta iya naɗa wayar fanka da kanta. Burinta ɗaya a duniya, ta zama injiniyar lantarki. Shi ma burinsa ke nan a kanta, sai dai ba su taɓa zama sun yi maganar ba. Kun san halin mutanenmu da 'ya'yan fari, ko sunanta ba ya kamawa. "Ke" ce, ko "yarinyar nan".

Ga waɗanda suka manta, da waɗanda ba su je ba: in yarinya ta gama aji uku za ta shiga aji huɗu, hanya takan rabu. Akwai ajin da ake yin Fiziks da Kemistiri, nan likitoci da injiniyoyi suke fitowa, yara na ce masa sayans. Akwai na adabi da tarihi da sanin mulki, na masu son aikin lauya ko jarida, shi suke kira at. Sai kuma na kasuwanci. Wanda ka shiga, da shi za ka rubuta jarrabawar fita, da shi kuma jami'a za ta dube ka. Wanda bai yi Fiziks ba, ko ya fi kowa iya naɗa waya, ba mai ɗaukarsa karatun injiniya.

Ranar da makaranta ta kira iyaye don a yi wannan zaɓi, Suwaiba na kwance, taifot ya kayar da ita, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Malam Tasi'u ya wanke baƙin mai daga hannunsa, ya sa riga, ya tafi shi kaɗai. Ya bi layi har ya iso gaban tebur. Wadda ke zaune a teburin ita ce Malama Juwairiyya, malamar Hausa da adabi, kuma mai ba ɗalibai shawara kan zaɓin darussa. Malamar kirki ce, amma tana da wata aƙida: ba ta gauraya Hausa da Turanci ko da kalma ɗaya. Yarinyar da ta kuskura ta ce mata "sori", sai ta koma ta shigo ta ce "a yi haƙuri".

Ta ɗago kai ta ce, "Malam, wane ɓangare za a sa ta? Kimiyya, fasaha, ko kasuwanci?"

Malam Tasi'u ya yi lissafinsa a tsaye. Kasuwanci dai babu shi a ciki. Kimiyya a saninsa ta likitoci ce, allura da jini, Suwaiba kuwa ko kaza za a yanka sai ta bar wurin. Fasaha fa? Ai kullum rediyo cikin faɗinta take, fasahar zamani, kwalejin fasaha inda ake yaye injiniyoyi. Shi kansa in ya tayar da mataccen inji, cewa ake yi, "Kai, Malam Tasi'u akwai fasaha!" Ya ɗan ji wani abu a ransa yana cewa ya tambaya. Amma a bayansa ma'aikatan gwamnati ne tsaye da tabarau da biro a aljihu, ga shi su kowa ya zo sai ya faɗi nasa ba tare da inda-inda ba. Sai ya ɗaga murya don su ma su ji.

"Fasaha!"

"Ka tabbata, Malam?"

"Hajiya, ai a cikinta aka haife ta."

Malama ta ji daɗi har cikin ranta. Tun safe kowane uba ya zo kimiyya yake cewa, ko 'yarsa ba ta iya haɗa biyu da biyu ba, sai ga wani a ƙarshe da ya zaɓi adabi da ƙarfin murya. Ta ajiye biro ta dubi layin ta ce, "Jama'a, kun ga uban da ya san darajar ilimi." Ni abin da yake ƙona min rai ke nan. Ita fasaharta waƙa ce da adabi, shi fasaharsa waya ce da inji. Dukansu Hausa suke yi, tsabtatacciya ma, kuma ba wanda ya ji abin da ɗan'uwansa ya faɗa.

Ya dawo gida kamar zai tashi sama. Ya tsaya a ƙofar ɗakin da take kwance, yau dai ya samu sunan da zai kira ta da shi ba tare da kunya ba. Ya ce, "Injiniya, an gama. Na sa ki a fasaha." Ita ma, cikin zafin zazzaɓi, fasaharsa ta ji. Ta yi murmushi ta koma barci.

Da ta warke ta koma makaranta, sai aka nuna mata ajin at. Ta ce kuskure ne. Ta ruga wurin Malama Juwairiyya ta ce ita kimiyya take so. Malama ta ce, "Mahaifinki da bakinsa ya zaɓa a gaban jama'a, har na yaba masa. In canji ake so, shi zai dawo ya faɗa da bakinsa. Ƙa'ida ce." Nan take Suwaiba ta gane abin da ya faru. Abin da ya rage mata kawai shi ne ta ce, "Malama, Babana bai gane kalmar ba ne." Bakinta ya ƙi. Ta tsaya a gaban bare ta ce ubanta bai ji Hausa ba? Ta sunkuyar da kai ta fita.

Ta nufi shago da niyyar gaya masa. Ta tarar da shi cikin abokansa yana ba su labarin yadda malama ta tsayar da layi ta yaba masa a gaban masu tabarau, fuskarsa tana haske irin wanda ba ta taɓa gani ba. Ya hango ta ya ce, "Ga Injiniyar nan!" Sai ta gaishe su ta wuce. Ta ce gobe. Goben ta zo ta ce jibi. Haka zango ya ƙare, wani ya shigo. Ta zo ta ɗaya a ajinsu, shi kuma ba ya karanta sakamako, ta nawa ta zo kawai yake tambaya.

Za ku ce duk unguwar ba wanda ya sani? An sani mana! 'Yan makarantarsu sun kai labari gidajensu tun makon farko. Amma wa ya gaya masa? Sai dai a biyo ta ƙofar shago a ce, "Malam Tasi'u, ina Injiniya?" a ƙifta wa juna ido. Shi ya amsa da fara'a, ita kuma tana ciki tana jin kamar ƙasa ta tsage ta shige. Abin da ya riƙe ta a shekarar nan ƙawarta ce Raliya, wadda ke ajin sayans. Kullum in an fita hutun tara, Suwaiba sai ta ja ta bakin famfo ta ce, "Me aka koya muku yau?" Da haka take bin darussan da ba nata ba, a tsaitsaye, ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba.

Aka shiga aji biyar. A taron safe shugabar makaranta ta yi sanarwa: duk mai gyara a darussansa ya yi kafin a tashi ranar Juma'a, daga nan an rufe, abin da kowa ke ciki shi zai rubuta a jarrabawar fita. Suwaiba ta ƙirga kwanakin da suka rage. Yanzu ba sauran gobe. Ko dai ta kunyata ubanta a cikin makon nan, ko ta haƙura da injiniya har abada.

To, a nan mata uku suka shigo, kuma a kansu shari'ar take. Ku buɗe kunne.

Ta farko Goggo Hansatu ce, yayar Malam Tasi'u, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mai sana'ar man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli, ba ta da boko ko na sisi, bakinta kuma ba linzami. Fankarta ta tsaya, ta aika a kira mata Suwaiba. Yarinya ta zauna tana kwance fanka, hawaye na ɗiga a kan murfin.

Goggo ta ce, "Ke, fankar ce ta mutu ko wani ne?"

"Goggo, sai kin rantse ba za ki gaya wa kowa ba."

"Wallahi tallahi ba mai ji a bakina."

Suwaiba ta kwashe komai ta gaya mata. Goggo ta saurare ta har ta gama, sannan ta miƙa hannu ta jawo mayafinta.

"Goggo, ina za ki? Kin fa rantse!"

"Na rantse. Zan yi kaffara."

Suwaiba ta riƙe mata zane tana kuka tana roƙo, ta fizge ta fita. Ta isa shago, ta sallami masu jiran gyara, ta kai hannu ta kashe rediyo. Ta ce, "Tasi'u, ajin da ka sa yarinyar nan ba na injiniyoyi ba ne, na masu adabi ne da lauyoyi. Fasaharsu daban, taka daban. Shekara guda tana haɗiyewa don kada ka ji kunya. In ba ka je ka gyara kafin Juma'a ba, ka kashe ta da ranta." Da a nan ta tsaya, da da sauƙi. Amma Goggo ce. Sai da ta ƙara da cewa, "Gari kuma duk dariya ake maka, kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba ya miƙe ya ce, "Yaya, fita min daga shago." Ta fita. Ya rufe shagon da rana tsaka, ya shige ɗaki. Aka kai abinci aka dawo da shi. Matarsa ga ta da tsohon ciki, tana zaune a ƙofa tana ba shi haƙuri, ko uffan. Suwaiba ta tabbata Goggo ta rusa komai, ta rasa karatun ta kuma rasa uban. Ta yi wa Goggo baƙin fushi a ranta. Sai da safiyar Alhamis ya fito sanye da rigarsa ta zuwa masallacin Juma'a, idanunsa sun faɗa, bai dubi Suwaiba ba ya ce, "Ke, wuce mu je." Gidan yayarsa kuwa, inda yake zuwa gaisuwa kowace safiya tun da ya yi aure, ya ɗauke ƙafa.

Ta biyu Malama Juwairiyya ce, amma bari in fara kai ku ofis. Shugabar makaranta tana zaune, malamai uku ko huɗu na gefe da nasu aikin. Malam Tasi'u ya cire hula ya mayar, ya rasa inda zai sa hannunsa. Suwaiba na rakuɓe a jikin bango tana kallon ubanta yana neman kalma. Da ƙyar ya ce, "Hajiya, ni ne na ce fasaha. Ban san taku daban take da tamu ba." Wani malami ya juya baya yana danne dariya. Suwaiba ta gani, ta san shi ma ya gani.

Shugaba ba muguwa ba ce, amma ta gaji da iyaye. Ta ce, "Malam, da Turanci aka tambaye ka? Da Hausa aka tambaye ka, har aka ce ka tabbata. Shekara guda ba ka zo ba. In na buɗe maka wannan ƙofa, gobe iyaye ashirin za su cika min ofis kowa ya ce bai gane ba. Makaranta ba ta yi kuskure ba, saboda haka ba abin da za ta gyara. Ka yi haƙuri." Malam Tasi'u ya gyara hularsa. Duk wulaƙancin nan ya sha shi a banza. Ya juya zai fita, sai ya yi kiciɓis da Malama Juwairiyya a bakin ƙofa.

Ita ta hango shi ta taga tun yana ratsa filin makaranta, kuma ta san abin da ya kawo shi. Ta sani tun zango na biyu, ranar da ta ji 'yan aji suna tsokanar Suwaiba da Injiniya ta tambayi dalili. Ta sani ta yi shiru, don a lokacin Suwaiba ta ciyo mata kofin muhawara, irin ɗalibar da malami kan yi shekara goma bai samu ba. Ta riƙa gaya wa kanta yarinya za ta saba. Ga shi kuma a daidai wannan lokaci sunan ita Malamar ne a gaba cikin waɗanda za a ba muƙamin mataimakiyar shugaba. Ba wanda ya kira ta ofis ɗin. Da ta ci gaba da darasinta, ba mai sanin komai.

Ta ce, "Hajiya, makaranta ta yi kuskure, ni ce na yi shi. Na tambaye shi da kalma mai fuska biyu, ban yi masa bayani ba. Kuma na gane tun bara, na ɓoye, don ba na so in rasa yarinyar."

Malaman da ke gefe suka ajiye aikinsu. Shugaba ta cire tabarau ta ce, "Malama, kin san abin da kike faɗa? Wannan sai na kai shi sama."

"Na sani."

Sannan ta juya ga Malam Tasi'u, ta rusuna har ƙasa a gaban abokan aikinta. Ta ce, "Malam, ka yafe ni. Da na ce maka at, da ka tambaya." Waɗanda suke wurin sun ce ranar ce suka fara jin kalmar Turanci a bakinta. Kafin wata ya ƙare an karɓe aikin ba da shawara daga hannunta, mataimakiyar shugaba kuma aka ba wata da ta zo bayanta.

Shugaba ta numfasa ta ce to, tunda laifin na gida ne, za ta buɗe ƙofa, amma da sharaɗi. Malaman Fiziks da Kemistiri za su gwada Suwaiba a ranar. Sannan, ko ta ci, ajin sayans a cike yake, ɗakin gwaji yana da adadin da aka yarda ya ɗauka, kuma masu duba makarantu suna ƙirgawa. Sai in wata ta fita. Aka zaunar da Suwaiba ita kaɗai a wani aji. Fiziks ta ci da kyau. Kemistiri da ƙyar da jiɓin goshi ta tsallake, malamin ma sai da ya yi ta jujjuya takardar. Shugaba ta shiga ajin sayans da kanta ta tambaya ko akwai mai son komawa at. Yara suka yi tsuru-tsuru. Wa zai fita daga sayans? A garin nan wadda aka ce ta bar sayans, cewa ake yi ƙwaƙwalwarta ce ba ta ja.

Ta uku ita ce Raliya. Tana cikin ajin lokacin da aka yi tambayar, ba ta ɗaga hannu ba, da aka tashi ma ba ta ce wa Suwaiba komai ba, ta ɗauki jakarta ta tafi. Suwaiba ta bi bayanta da kallo, ba ta ga laifinta ba. Mahaifin Raliya mai kantin magani ne, ya gama gaya wa duk mai sayen farasitamol cewa 'yarsa likita za ta zama. Ita kuma ba ta ɗaya take zuwa ba, amma tana cikin na gaba-gaba, ba abin da zai hana ta ci. Ta san ƙa'idar da ta kama Suwaiba ita ma za ta kama ta, sai uba ya zo ya faɗa da bakinsa. Ta kuma san in ta ce saboda ƙawa ne, ko sauraronta ba zai yi ba.

Sai ta same shi a kanti bayan la'asar ta durƙusa ta ce, "Abba, ni fa sayans ɗin nan ba na ganewa. Duk makin da kake gani, kwafa nake yi. In aka je jarrabawar fita faɗuwa zan yi." Ƙarya ce tsagwaronta, yarinyar nan ba ta taɓa leƙa takardar wani ba. Ta shafa wa kanta baƙin fenti a idon ubanta, irin wanda ba ya fita da wuri.

Ranar Juma'a Suwaiba na zaune a benci a ƙofar ofis tun safe, ba don tana sa rai ba, don dai ba ta iya shiga aji. Ranar Juma'a da wuri ake tashi. Aka fita tara aka dawo, ba labari. Ta ga ɗan aike ya ɗauki ƙarfen buga ƙararrawa ya ajiye kusa da shi yana duba agogo. Ta fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Can sai ga wani mutum ya shigo fuska a murtuke, Raliya na biye da shi kanta a ƙasa. Ko zama bai yi ba, daga bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, a mayar da ita inda za ta iya." Ya juya ya wuce 'yarsa kamar bai san ta ba.

Suwaiba ta miƙe ta kama hannunta. "Raliya, me kika yi?"

"Kujerar tana kusa da taga. Ƙafarta ɗaya na rawa, ki riƙa cusa mata takarda."

Aka sauya sunayen, aka buga ƙararrawa. Sai dai in gaya muku gaskiya, akwai masu cewa Raliya dama ta daɗe tana sha'awar 'yan muhawara, bakinta ma na lauyoyi ne, hanya kawai ta samu ta gudu daga likitancin da aka ɗora mata. Akwai kuma waɗanda suka rantse sun sha ganinta ta tsaya a ƙofar ɗakin gwaji tana leƙe, idonta ya kawo ruwa. Suwaiba ta tambaye ta ba sau ɗaya ba, abin da take cewa kawai, "Ke dai ki yi karatu." Abbanta kuwa har yau ba ya tambayarta sakamako.

Haka Suwaiba ta samu kujerarta. Amma gidansu bai koma daidai ba. Malam Tasi'u ya buɗe shago, yana aiki kansa a sunkuye, ya daina zama da abokai, tsakaninsa da 'yarsa sai amsa gaisuwa. Ana cikin haka matarsa ta sauka, aka samu mace. Aka yi ta jiran ya faɗi sunan da za a sa, shiru. Mata suka fara ƙus-ƙus, ga rago an ɗaure, ga goro an sayo, gobe suna, ba wanda ya san wa za a kira.

Bayan sallar la'asar ya aika a kira masa Suwaiba zaure. Ta zo ta durƙusa daga nesa. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya yi mata magana mafi tsawo da ya taɓa yi mata tun da aka haife ta.

"Na yi miki zaɓi ban tambaye ki ba, ban tambayi kowa ba, don kada a ce ban sani ba. Kin ga inda ya kai mu. Mata uku ne suka gyara abin da na ɓata, ni kuma ba ni da abin da zan biya su. Abin da nake da shi jaririyar nan ce. Sunan ɗayarsu za ta ci. Ke za ki faɗa, abin da kika ce shi zan gaya wa liman da safe."

"Baba, ni?"

"Ke. Bakina ya yi zaɓi ya isa haka."

Ya tashi ya bar ta a zauren. Kun san dai abin da takwara take nufi a wurinmu. Ba a yi wa mutum takwara a ci gaba da gaba da shi, kuma duk garin zai ji, ya san wa aka ɗaukaka, ya san wa aka tsallake.

Ta tuna Goggo Hansatu. Ba don ita ba, da har yau Baba yana amsa tsokana da fara'a, Juma'a ta zo ta wuce. Ta sadaukar da zumuncinta da ƙanin da ta goya don 'yarsa, ga ta can tana azumin kaffara ita kaɗai, ba mai zuwa gaishe ta. In aka sa sunanta, gobe-goben nan za ta shigo gidan. Amma amana aka ba ta ta ci, kuma kalmar da ta karya Baba ba dole ba ce, son ranta ne.

Ta tuna Malama Juwairiyya. Ba don ita ba, da Baba ya fita daga ofis ɗin nan da kunyarsa a banza. Ba wanda ya tuhume ta, ita ta kai kanta, ta zubar da girmanta da muƙaminta a gaban mutane, ta wanke shi. Yanzu a makaranta nuna ta ake yi da baki. Amma ita ta haƙa ramin tun farko, ta kuma ga yarinya a ciki wata da watanni ta kau da kai.

Ta tuna Raliya. Su biyun can hanya suka buɗe, ita kuwa wurinta ta bayar, abin da ba zai dawo ba, ta haɗa da mutuncinta a wurin Abbanta. Ba ta da laifi a cikin lamarin ko ƙanƙani, ba ta kuma nemi a gode mata ba. In aka raɗa sunanta, wataƙila Abbanta ya tambayi dalili, ya gane 'yarsa ba mai satar amsa ba ce. Amma ƙarya ta yi wa mahaifinta, kuma ba wanda zai iya dafa Alƙur'ani ya ce sadaukarwa ce zalla ba kuɓuta ba.

Aka kira magariba Suwaiba na nan durƙushe a zaure, mata na ta shige da fice da kwanukan cincin, ba ta ko ganinsu.

To, ga ku, ga ta. Gobe da safe liman zai tambaya, suna ɗaya kuma za a raɗa. Tsakanin Goggo Hansatu, da Malama Juwairiyya, da Raliya, wace ce ta fi cancanta a yi mata takwara?